Yadda ake haɗa kaset ɗin filash a Game Boy, GBA da Nintendo DS ba tare da asarar ajiyar wasa ba

Kaset ɗin filash yana da siffar kaset na asali, kuma a ramin na'urar wasa ake cusa shi kamar kowane kaset. Bambancinsa ɗaya ne: a jikinsa akwai ɗan ramin da ake sa katin microSD, kuma a katin nan ne fayilolin wasanni suke zaune. Da ka kunna na'urar, jerin sunaye zai fito, ka zaɓi wanda kake so, kaset ɗin ya miƙa shi ga na'urar kamar dai shi ne kaset ɗin wannan wasa tun daga masana'anta. Wasan yana gudana ne a kan ainihin injin na'urar, da allonta da sautinta da maɓallanta, ba kwaikwayo ba irin wanda manhajar waya ke yi.

Dalilai biyu ne suka sa nake ganin ya dace duk mai tsohuwar na'urar hannu ya mallaki irin wannan kaset. Na farko, kaset ɗin asali suna tsufa. Game Boy ya fito a 1989, Game Boy Color a 1998, Game Boy Advance (GBA) a 2001, kuma da yawa daga kaset ɗinsu ɗan batir ne a ciki yake riƙe ajiyar wasa. Ranar da ya mutu, ajiyar ta tafi. Na biyu, har yau akwai mutanen da ke ƙirƙirar sababbin wasanni da manhajoji don waɗannan na'urori, suna raba su kyauta ko suna sayarwa a intanet, kuma kaset ɗin filash ne hanyar da za ka buga su a hannunka.

Haɗa shi ba wuya. Inda mutane ke cin tuntuɓe wuri uku ne: katin microSD, manhajar da ke tafiyar da kaset ɗin, da yadda yake ajiye wasa. A nan zan fi tsayawa.

Fara da sanin na'urarka

Kafin ka sayi komai, ka tabbata wace na'ura ce a hannunka, domin kowane rami da kaset ɗinsa. Kaset ɗin filash na Game Boy yana aiki a Game Boy na farko, da Pocket, da Color, da Advance, da Advance SP. Na GBA yana aiki a Advance, da SP, da Game Boy Micro, da kuma ramin ƙasa na Nintendo DS na 2004 da DS Lite na 2006. Abin da ke ruɗa mutane shi ne Micro da DS da DS Lite ba sa karanta wasannin Game Boy da na Color ko kaɗan, duk da cewa suna karanta na GBA. DSi kuwa an cire mata ramin ƙasa gaba ɗaya. Kaset ɗin filash na DS a ramin sama yake shiga, kuma ba kowane ne ke aiki a DSi da 3DS ba, saboda Nintendo ta riƙa toshe tsofaffin ta hanyar sabunta manhajar waɗannan na'urori. Idan DSi ko 3DS ce taka, sai ka ga an rubuta ƙarara cewa kaset ɗin yana aiki a kanta.

Zaɓen kaset

A ɓangaren Game Boy da GBA, sunaye biyu ne suka fi yawo: EverDrive, wanda wani ɗan ƙasar Yukren da ake kira Krikzz ke ƙerawa, da EZ-Flash. EverDrive GB yana da matakai uku, X3 da X5 da X7. EZ-Flash Jr na Game Boy ne da Color, EZ-Flash Omega da Omega Definitive Edition na GBA, a gefe kuma akwai EverDrive GBA Mini.

Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: kana buga wasannin da ke lissafa lokaci? Pokémon Gold, Silver da Crystal, da Ruby, Sapphire da Emerald, duk suna da agogo a cikin kaset, da shi suke sanin dare da rana ko girman tsirrai. Idan kana son waɗannan su yi aiki daidai, kana buƙatar kaset mai agogo a ciki. X7 yana da shi, X3 da X5 ba su da shi. EZ-Flash Jr da Omega da EverDrive GBA Mini suna da shi.

Ɓangaren DS ya fi rikici. Sunan R4, wani shahararren kaset ɗin filash na DS, ya zama na kowa, kamfanoni barkatai sun buga shi a kan kaset ɗin da cikinsu bai yi kama da juna ba. R4 na farko ba ya karanta katin da ya wuce giga 2, kuma ba ya aiki a DSi. Waɗanda suka biyo baya wasu an rubuta musu SDHC, wasu Gold, wasu an manna musu shekara. Saboda haka idan kaset ɗin ya iso hannunka, ka duba adireshin intanet da aka buga a kan takardar jikinsa, ka rubuta shi harafi da harafi. Shi ne shaidar da za ka nemo manhajarsa da ita, ba sunan R4 ba.

Kada ka ruɗu da kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasa ɗari da wani abu a cikin ɗaya. Wannan wani abu ne daban, ba shi da ramin kati, ba ka iya ƙara masa naka, kuma sau da yawa wasannin ciki maimaici ne.

Shirya katin microSD

Mafi yawan matsalolin da ake ɗora wa kaset, laifin kati ne. Idan kaset ɗin ya zo da kati a ciki kyauta, ka kwafe abin da ke kai zuwa kwamfuta, ka ajiye katin gefe, ka sayi na kamfanin da aka sani. Ba ka buƙatar babba. Wasan GBA mafi girma mega 32 ne, na Game Boy galibi ko mega 2 ba su kai ba. Kati mai giga 8 zuwa 32 ya ishe ka har ka gaji.

Akwai dalilin tsayawa a giga 32. Waɗannan kaset sun fi jituwa da tsarin jera fayiloli mai suna FAT32, kuma katunan SDHC, daga giga 4 zuwa 32, da shi suke zuwa. Daga giga 64 zuwa sama katin SDXC ne, yana zuwa da exFAT, wanda kaset da yawa ba sa ganewa. Ana iya juya babban kati zuwa FAT32 da wata manhaja ta musamman, amma wahala ce da ba ta da amfani ga mai farawa.

Ga yadda za ka yi:

1. Sa katin a kwamfuta, ka gwada shi da H2testw idan Windows kake amfani da ita, ko F3 a Linux da Mac. Manhajar za ta cika katin da bayanai sannan ta karanta su. Katin jabu yakan nuna giga 32 alhali ainihinsa bai kai haka ba; zai yi ta aiki lafiya har ranar da ka wuce iyakarsa, sai fayiloli su fara lalacewa ba tare da wata alama ba. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma kada ka tsallake shi.
2. Yi masa fomat zuwa FAT32, ka zaɓi girman gungu (cluster size) kilobait 32. Manhajar SD Card Formatter ta ƙungiyar SD Association tana yin wannan daidai ga katin giga 32 zuwa ƙasa.
3. Idan a Mac kake kwafa, za ka ga wasu fayiloli masu farawa da ɗigo da layin ƙasa sun cika jerin wasanni. Ba wasanni ba ne, ba sa buɗewa. Umarnin dot_clean yana share su.
4. Kullum ka cire katin ta hanyar umarnin cirewa na kwamfuta, ba fizgewa ba.

Sa manhajar kaset

Kaset ɗin yana buƙatar 'yar manhajarsa, wadda ake kira kanel, ita ce ke nuna jerin wasanni kuma take loda su. A shafin wanda ya ƙera kaset ɗin za ka sauko da ita, cikin fayil ɗin zip. Warware shi a kwamfuta, sannan ka kwafi abin da ke ciki kai tsaye zuwa bakin katin, wato wurin da kake fara gani da ka buɗe shi, ba cikin wata folda ba. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa: mutum ya kwafi foldar da zip ɗin ya fitar gaba ɗayanta, kaset ya duba bakin kati bai ga komai ba.

EverDrive GBA yana neman folda mai suna GBASYS. EZ-Flash Jr yana neman fayil ɗin ezgb.dat. Omega yana da kanel ɗinsa a ciki. Idan za ka sabunta shi, ka sa fayil ɗin sabuntawa a bakin kati, ka danne maɓallin R yayin da kake kunna na'urar. Lokacin sabuntawa ka tabbata batir a cike yake, kuma kada ka taɓa makunni har ya gama, domin yankewar wuta a wannan lokaci na iya kashe kaset ɗin.

A DS, R4 na farko yana neman _DS_MENU.DAT, da yawa daga na baya kuma R4.dat. Kada ka yi ta gwada kanel ɗin wani kaset a kan naka don sunansu ya yi kama. Wani kawai ƙin tashi zai yi, wani kuwa yana iya lalata kaset ɗin. Akwai kuma wata tsiya da aka dasa a kanel ɗin wasu kaset masu shekara a jiki: idan kwanan watan na'ura ya wuce wani lokaci, sai su daina aiki, su ce kwanan wata ba daidai ba ko manhaja ta ƙare. Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. Mayar da kwanan watan na'ura baya yana tashinsa, amma gyaran da ya fi shi ne ka sa wani kanel na daban mai suna YSMenu, wanda ya dace da irinsa. Wood R4 da TWiLight Menu++ su ma masu sha'awa ne suka rubuta su, kuma a kaset ɗin da suke goyon baya sun fi kanel ɗin masana'anta kyau nesa ba kusa ba.

Ina wasannin za su fito?

Fayilolin suna ƙarewa da .gb, .gbc, .gba ko .nds. Ka warware su daga zip kafin ka kwafa, ka raba su folda-folda, saboda folda ɗaya mai fayil ɗaruruwa tana sa jerin ya yi nauyin buɗewa.

Sauko da wasannin kasuwa da ba ka saya ba take haƙƙin mallaka ne, kuma a kan haka ne Nintendo ta yi ta shari'a da masu sayar da R4. Kotun gundumar Tokyo ta hana sayar da shi a Japan a 2009, Babbar Kotu a Ingila ma ta yanke a 2010 cewa shigo da irinsa da tallarsa da sayar da shi haramun ne a can. Dokar kwafar abin da ka mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka duba ta inda kake. Hanyar da nake bi kuma nake ba da shawara ita ce kwafar kaset ɗinka na kanka, da kuma wasannin da masu ƙirƙirarsu suka raba da yardarsu.

Don kwafar kaset ɗin Game Boy da GBA akwai ƙananan na'urorin USB, kamar GBxCart RW da GB Operator. Da GBxCart ana amfani da manhajar FlashGBX: ka cusa kaset, ka zaɓi ko na Game Boy ne ko na GBA, ka danna haɗawa, ta nuna sunan wasan, ka kwafi ROM ɗin, wato fayil ɗin wasan kansa, sannan ka kwafi ajiyar. Zaɓen nau'in yana da muhimmanci, domin kaset ɗin Game Boy da bolt 5 yake aiki, na GBA da 3.3. Idan kuma kana da DS ko DS Lite da kaset ɗin filash a ramin sama, manhajar GBA Backup Tool za ta kwafe kaset ɗin GBA da ke ramin ƙasa zuwa katinka, ba sai ka sayi komai ba.

Ga wani abu da nake so ka riƙe da kyau. Idan kana da tsohon kaset mai batir wanda har yanzu ajiyarsa na nan, kwafe ajiyar yau, kafin ka yi tunanin canza batirin. A kaset irin na Pokémon Gold, da zarar an cire batirin daga cikin kaset ɗin, ajiyar ta goge nan take. Ka kwafa, ka canza batir, ka mayar da ajiyar.

Kunnawa ta farko

Kashe na'ura, sa kati a kaset, sa kaset a rami, kunna. Kada ka taɓa sa kaset ko cire shi na'ura tana kunne.

A Game Boy, kalli sunan Nintendo da ke saukowa daga saman allo. Na'urar daga cikin kaset take karanto wannan tambarin, don haka shi ne gwajinka na farko. Idan ya fito sarai, haɗin ya yi. Idan baƙin sanda ne kawai ya sauko, na'urar ba ta ga kaset ba sam. Idan haruffan sun fito a kakkarye, da ɗige-ɗige a jikinsu, sannan ta tsaya cak, datti ne a haƙoran. Juya kaset ɗin ka leƙa bakinsa: haƙora 32 ne a jere masu ruwan zinariya. Jiƙa auduga mai tsinke da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, ka goga su daga wannan gefe zuwa wancan, ka bari ya bushe. Sabon kaset ba kasafai yake da datti ba, ramin tsohuwar na'urar ne. Ka ɗan jiƙa haƙoran kaset da sinadarin, ka cusa ka zare sau da yawa, ka goge baƙin da ya fito. Busa iska da baki yana kai danshi ciki, yana jawo tsatsa a hankali.

Idan tambari ya wuce lafiya amma kaset ya ce bai ga kati ba, ko a DS ya tsaya a kan rubutun lodi ko ya nuna rubutun "Menu?" kawai, koma kan kati: fomat ne, ko kanel ba ya bakin kati, ko ba nasa ba ne. Idan kuwa na'urar tana sake tashi da kanta a tsakiyar lodi, batir ne. Kaset ɗin filash ya fi na asali jan wuta, kuma an fi ganin haka a Game Boy Pocket mai ƙananan batura AAA biyu, balle idan an canza masa allo mai haske.

Ajiya: ka san halin kaset ɗinka kafin ka zuba sa'o'i

Idan ka danna ajiyewa a cikin wasa, ba lallai ne ajiyar ta isa katin microSD nan take ba. Wasan yana rubutawa ne a ƙwaƙwalwar da ke cikin kaset, kuma kowane kaset da lokacin da yake kwashe ta zuwa kati a matsayin fayil ɗin ajiya.

EverDrive GB X3 ba ya riƙe ajiya idan wuta ta ɗauke. Bayan ka ajiye a wasa, dole ka danna maɓallin da ke jikin kaset ɗin ya mayar da kai jerin wasanni, sannan ka kashe. Ka kashe kai tsaye, abin da ka yi ya tafi. X5 da X7 ba su da wannan sharaɗi. EZ-Flash Jr yana riƙe ajiyar da ɗan batirinsa, sai ka sake kunnawa ya tambaye ka ko ya kwafe ta zuwa kati. Amsa masa da e kullum, kuma ka sani idan batirin nan ya yi sanyi, ajiyar na iya ɓacewa tsakanin kashewa da kunnawa. EZ-Flash Omega na farko yana rubutawa kan kati jim kaɗan bayan wasan ya ce ya gama ajiyewa, saboda haka ka ƙirga kamar daƙiƙa 5 kafin ka taɓa makunni. Kashewa a tsakiyar rubutun na iya lalata ajiyar, wani lokaci har da tsarin katin. Kaset ɗin DS kai tsaye suke rubutawa kan kati, shi ya sa ingancin kati ya fi muhimmanci a can.

Wasannin GBA suna da wani ƙarin lamari. Ba iri ɗaya suke ajiyewa ba: wasu SRAM, wasu EEPROM mai bait 512 ko kilobait 8, wasu filash mai kilobait 64 ko 128. Kaset na zamani yana gane nau'in da kansa ga wasannin da aka sani. Amma wasan da aka fassara, ko aka yi wa gyara, ko sabon ƙirƙira, yana iya kuskure masa. Alamar ita ce wasa ya ce ajiya ta gaza, ko ya tsaya a farin allo. Shiga zaɓin wasan kafin ka loda shi, ka sa nau'in da hannu. Wasannin Pokémon na GBA filash mai kilobait 128 suke so.

Gwajin da nake yi wa kowane sabon kaset da kowane sabon wasa mai tsawo minti biyar ne. Fara wasa, isa wurin ajiya na farko, ajiye, bi ƙa'idar kaset ɗin, kashe. Kunna, buɗe wani wasa daban, kashe. Kunna, koma na farko. Idan ajiyar na nan, ka fahimci kaset ɗinka.

Sunan fayil ɗin ajiya dole ya zama daidai da na wasan. Idan ka canza sunan ɗaya, canza ɗayan. Omega yana tara su a foldar SAVER. A DS wasu kanel suna rubuta .sav kawai, wasu .nds.sav, don haka idan ka canza kanel ka ga kamar ajiyarka ta ɓace, duba sunan tukuna. Lokaci-lokaci ka kwafi foldar ajiya zuwa kwamfuta, ka sa mata kwanan wata. Wasa ana sake kwafarsa daga kaset a kowane lokaci, amma ajiyar sa'a 60 ba ta da wani tushe sai wannan fayil.

Wasanni da manhajojin masu sha'awa

Nan ne na fi jin daɗin kaset ɗin nan. A shafukan intanet na itch.io da Homebrew Hub akwai sababbin wasannin Game Boy da GBA masu yawa. Tobu Tobu Girl da µCity suna cikin waɗanda masu su suka saki kyauta har da lambar tushensu, wato rubutun umarnin kwamfuta da aka gina su da shi. LSDj, wadda Johan Kotlinski ya rubuta, tana mayar da Game Boy kayan haɗa kiɗa. Ajiyarta kilobait 128 ce, don haka ka tabbata kaset ɗinka yana ɗaukar wannan girman. Ana kwafarsu kamar kowane wasa.

A DS, manhajar da ke buƙatar karanta kati tana dogara da wani direba mai suna DLDI. Kanel na zamani yana manna shi da kansa lokacin lodi. Idan manhaja ta ce ta kasa buɗe FAT, wannan ne bai shiga ba: kunna zaɓin a kanel, ko ka manna direban kaset ɗinka a kwamfuta.

Idan kai ma kana son ƙirƙira, GB Studio, wanda Chris Maltby ya fitar a 2019, yana ba ka damar haɗa wasan Game Boy ba tare da rubuta lamba ba, ya fitar maka da ROM da za ka jefa a kati. Mai son rubuta lamba yana da GBDK-2020 da RGBDS don Game Boy, da devkitPro don GBA da DS. Gwada aikinka a manhajar kwaikwayo irin su SameBoy, mGBA ko melonDS, amma kada ka tsaya a nan, domin launi da saurin allo da nauyin maɓalli sai a na'urar gaske suke bayyana. Idan ROM ɗinka yana tashi a kwamfuta amma ya tsaya a tambari a na'ura, bayanan da ke farkon fayil ɗin (header) ne ba su cika ba. Rgbfix yana gyara na Game Boy, gbafix na GBA. Idan wasan ya kammala kana son ba wani kyautarsa, akwai kaset marar ramin kati mai ɗaukar wasa ɗaya, wanda ake rubuta wa ROM da GBxCart da FlashGBX; kafin ka saya, ka duba cewa girman ROM da irin ajiyar da yake ɗauka sun yi daidai da na wasanka.